Baƙin Iya na Kan Maɗaci

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Iya kuwa ta riga mu kama hanya. Allah ya jiƙanta, ya yalwata mata makwanci, ya sa ƙasar bakin kogin nan da ta rufe ta ta yi mata sanyi.

Ni matar ɗanta ce. Daga Auyo aka kawo ni gidan nan, don haka bakina bai taɓa kama sunanta ba, kuma ba yau zan fara ba. Iya nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yar Auyo, tun ina amarya har na aurar da 'ya.

Washegarin da aka kai ta, tsakar gidanmu ta cika ba masaka tsinke. Matan masunta sun zo, matan Fulanin da ke kawo mana nono sun ajiye ƙorensu a bakin ƙofa sun zauna. Wata tsohuwa mai daddawa tana ta share ido da bakin zane tana cewa, yanzu wa zai riƙa gaya mana agwagin rani sun tashi? Maƙwabciyarmu, wadda suka daɗe ba sa ga maciji da Iya a kan wata akuya mai ɓarna, ita ta fi kowa kuka, har sai da aka riƙe ta. Liman ya aiko daga waje cewa shi dai shaida ne, bai taɓa jin ta zagi ɗan kowa ba. Sai gwaggon maigidana, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta taho daga cikin birnin Haɗeja a kan jaki, ta gyara mayafi, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To, daga ɓangarenta wa za a yi wa gaisuwa?"

Wallahi magana ta zo mini har maƙogwaro, don ni ba a san ni da haɗiye abu ba, amma gidan makoki ne, na danne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ta faɗa. Duk taron nan dangin miji ne da maƙwabta. Ba ƙane, ba wa, ba ɗan ɗan'uwa ko ɗaya da zai ce jininsa ne aka binne. Shi ya sa nake ba da labarin nan, don wanda ba shi da garin da za a ambace shi a ciki, in bakin surukarsa ma ya yi shiru, shi ke nan an shafe shi.

Iya ba 'yar ƙasar nan ba ce, tsagar fuskarta ma ta isa shaida, babu mai irinta daga nan har Kafin Hausa. Mahara ne suka ɗauko ta daga kudu tana 'yar mitsitsiya, ta bi hannu ta bi hannu har ta faɗo gidan wani masunci, kakan maigidana. A nan ta girma, ya 'yanta ta, ya aura wa ɗansa. Sunan garinsu ya ɓace mata, harshensu ma haka. Abin da ya rage mata kaɗan ne, kuma takan faɗe shi a hankali, ido a lumshe, kamar mai tsoron kada ya zube. Akwai wani baƙin dutse a bayan gida, ruwa yana gangarowa ta jikinsa. Akwai bayan wata mata mai ƙamshin hayaƙi. Sannan akwai ranar da matar ta nuna mata sama da yatsa, wasu tsuntsaye baƙaƙe masu farin ciki suna wucewa, sun nufi arewa.

Ta ce mini da aka kawo ta nan, ba ta jin ko "zo" ko "tafi". Kowa baƙo, tuwo baƙo, ƙasa shimfiɗe ba ko tudu. Sai wata rana gab da damina ta ɗaga kai ta dubi maɗacin nan da ke jikin dangarmu, wanda gindinsa ke waje rassansa suka rufe rabin tsakar gida, ta ga shamuwa sun sauka a kai.

"Na ce, ashe nan kuke zuwa! 'Yar Auyo, ran nan na fara cin abinci."

Tun daga nan ta zama mai kallon sama. In ta idar da sallar asuba sai ta ɗauki 'yar ƙwaryarta ta nufi bakin fadama, wai neman zogale ko lalo, amma kowa ya san abin da ya kai ta. Ta dawo ƙwarya rabi, baki cike da labari. Ta raba tsuntsayen fadamar nan gida-gida. Dinya da gauraka da zalɓe da balbela, su ne 'yan gari. Ƙananan agwagin nan da ke zubowa daga arewa in sanyi ya kama, har su rufe ruwa, su ne baƙin rani, kuma ba ta cika ganin girmansu ba. "Ba sallama, ba sai an jima," in ji ta, "cin shinkafa kawai suka iya." Shamuwa kuwa ba ta taɓa kiran su tsuntsaye ba, mutanenmu take cewa. Tana da wata magana da ba ta rabuwa da bakinta, wai tsuntsu ba ya ɓoye tafiyarsa, mutum ne ba ya ɗaga kai.

Duk shekara ranar da suka iso, sai ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na saƙi, ta tsaya a ƙarƙashin rassan ta ce, "Sannunku da zuwa. Ya hanya? Ya kuka baro su? An yi ruwa a can?" Sai ta karkata kai ta yi shiru, ta daɗe. Sannan ta juyo ta ce mini, "Sun ce dutsen yana nan." Shekarar fari na shige ɗaki na yi dariya har da riƙe ciki. Da shekaru suka yi nisa sai na tsinci kaina ina ajiye muciya, ina jira in ji abin da suka ce.

Ba zan manta da alherin da ta fara yi mini ba. Ina sabuwar amarya, na zauna bayan rumbu ina kukan gida, alhali Auyo in ka fita da sassafe kafin rana ta take ka isa. Sai ga inuwarta a kaina. Na ce yau na shiga uku, matar da aka raba da uwa tun ba ta san hannun damanta ba ta kama ni ina kukan tafiyar hantsi. Ba ta yi mini faɗa ba. Zama ta yi a ƙasa kusa da ni ta ce, "Yi abinki, 'yar nan. Ke kin san inda za ki fuskanta da kukanki, ai wannan arziki ne." Da na gaji ta ja hannuna zuwa fadama, ta nuna mini yadda gauraka ke rawa, muka dawo tare da itacen girki.

Amma abin da ya zame mata sanyi, shi ya zame wa ɗanta ƙaya. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, shi ne maigidana. Tun yana ƙarami in shamuwa sun zo sai ta ce masa, "Je ka gai da kawunnanka." Yara suka ji, suka ɗauka. Har ya yi gemu, in suna su a kogi shamuwa ta gifta, sai wani ya ɗaga murya ya ce, ga kawunka can zai wuce, ba ka rusuna ba? Mutum ne mai haƙuri, amma wannan wasan yana taɓa masa inda ke ciwo, don tuna masa ake yi cewa uwarsa sayo ta aka yi. Na zauna da shi shekara da shekaru, ban taɓa ganin ya ɗaga kai ya dubi saman maɗacin nan ba.

To, sai kwalekwalenmu ya mutu. Tsoho ne tun na mahaifinsa, an toshe an toshe har ya ƙi tosuwa, ya buɗe a tsakiyar ambaliya. Gonar shinkafarmu kuwa tana hayin kogi. Mutum yakan kwanta a kan gora, babban duman nan da masunta ke hawa, ya haye da ƙarfin hannu, amma gora ba ta ɗaukar dami. A shekarar muna ji muna gani ruwa ya ci rabin abin da muka yanka. Itacen da ya isa a fafe jirgi kuwa, wanda yake namu, maɗacin nan ne kaɗai. Al'adar bakin kogin nan kowa ya san ta: itacen da shamuwa ta ɗora wa kara, gatari ba ya taɓa shi sai sun tashi da 'ya'yansu. Don haka mai son sara, da rani yake yi, kafin su dawo. Maigida ya aika wa masassaƙi.

Ina tankaɗe a ƙofar ɗaki ranar da ya gaya mata. Ya durƙusa kamar yadda ya saba ya ce, "Iya, jirgi ya mutu, kuma ba ni da wani itace sai wannan."

Ta ce, "In sun zo, ina za su sauka?"

"Itatuwa sun ƙare a duniya ne? Ga kuka can, ga tsamiya."

"Baƙon da ya zo ya tarar an rushe masaukinsa ba ya tambaya. Wucewa yake."

Sai na ji muryar da ban taɓa jin ya yi mata ba. "Tsuntsaye ne, Iya! Tsuntsaye! Ni ba ni da kawu. Tun ina yaro kike sa ana yi mini dariya a garin nan."

Ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ce, "Gaskiya ne, ba ka da shi. Ni ce ban zo maka da shi ba." Ta dafa bango ta miƙe ta shiga ɗaki.

Ranar na wanke shi tas, ban rage masa komai ba, na ce ko kare ya san nonon da ya sha. Amma in faɗi gaskiya, zuciyata biyu ce. 'Ya'yana shinkafar nan suke ci, kuma na ga yadda rumbu ya yi ƙasa tun sanyi bai wuce ba. Shi ma ba mugunta ba ce, yunwa yake hange. Ina tausayinta, ina tausayinsa, na rasa wanda zan ba gaskiya.

Ba da jimawa ba ta kwanta. Ba zan ɗora masa ba, tsufa ne, jiki ya daɗe yana ba da sanarwa. Ta ce a shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, inda za ta riƙa ganin sararin kudu ta saman danga. Lokacin shamuwa kuwa da saura da nisa. Gawo yana nan da ganyensa shar, agwagin rani ba su gama tashi ba, zafin bazara ma bai nuna sosai ba. Takan yini ido a sama, wani lokaci leɓenta na motsi. Sau ɗaya na kai mata kunu na ji tana cewa, "Da za su yi sammako."

Masassaƙi ya iso wata ranar da azahar, dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya zagaya maɗacin, ya rungume shi ya gwada kauri, ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya ce da safe za a fara. Ya jingine gatarinsa a zaure.

Da la'asar sai gari ya canza. Iska ta ɗauke ɗif, kaji suka shige ƙarƙashin rumbu. Wani hadari ya taso daga gabas maso kudu, ba baƙi ba, wani irin kore-kore, tsofaffi suka fito suna salati don ba lokacinsa ba ne. Iska ta zo ta kwashe tsofaffin sheƙun bara daga kan maɗacin ta watsar. Sai muka ji kamar ana jifan jinka da tsakuwa. Ƙanƙara ce. Ta fasa mini ƙore biyu da na bari a waje, ta kashe 'yan tsaki, ta tsiyaye ganye kamar an yi sussuka. Na ja Iya ciki na rufa mata bargo, tana ta ƙoƙarin leƙe ta gefen hannuna.

Da ƙanƙarar ta tsaya, sai shiru. Na fito na ga tsakar gidan da na sani ta zama fara fat, har bakin fadama, kamar an shanya auduga. Wani tururi yana tashi daga ƙasa a hankali, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare ta rina shi ja. Sanyi ya ratsa tafin ƙafata. Yara sun fita suna tsinta suna sa wa a baki suna ihu, amma muryarsu kamar daga nesa take zuwa mini. Ban san ko a duniyar da na kwana nake ba. Sai na ji Iya daga bayana ta ce, "'Yar Auyo, ɗaga kanki."

Shamuwa ne, suna nan a kan reshen da ya fi tsawo. Ba su da yawa, ba su kai yatsun hannu biyu ba, sun jiƙe sharkaf, sun takure wuya, ɗaya fiffikenta ya saki yana reto. Can sama da su kuma wani garken agwagin rani ya taso daga fadama ya nufi arewa. Baƙin rani da baƙin damina a sama ɗaya, tsofaffin garin nan sun ce ba su taɓa gani ba.

Kafin magariba gari ya taru a gindin itacen. Masassaƙi ya dubi mai sakakken fiffiken ya girgiza kai ya ce, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wasu suka fara cewa damina ce ta yi sammako, a fito da iri a yi shuka. Aka aiko a tambayi Iya, don a kan tsuntsu ba a tsallake maganarta. Ta ce a gaya musu kowa ya mayar da irinsa cikin tulu.

"Ba damina suka kawo ba. Wurina suka zo."

Na ɗauka magana ta ƙare, itace ya tsira. Ashe da saura. Masassaƙi ya ce wa maigida, ina ji ta jikin danga, "Sauka daban, zama daban. Kara al'ada ta ce. In sun ɗora kara, hannuna ya fita. In kuwa iska ce ta jefo su, za su huta su wuce." Ya ce zai je ya ci kasuwar Kafin Hausa ya dawo ya gani, ya bar gatarinsa a inda yake.

Da na gaya wa Iya, sai ta ce, "Baƙo ba ya zuwa da tabarmarsa. Tashi ki shimfiɗa musu." Na bi gari ina tsintar ƙirare, na kakkarya daidai bakinsu, na baza a gindin itacen da kan danga. Mata suna kallona suna ƙus-ƙus, na ce duk wadda bakinta ke ƙaiƙayi ta zo ta faɗa a gabana. Amma tsuntsayen nan ko kallon ƙiraren ba su yi ba. Ƙanƙara ta narke, zafi ya dawo, ciyawa ba ta fito ba balle farar da suke ci. Da safe su tafi bakin fadama su yi kiwon abin da ya samu, da yamma su dawo su tsaya cirko-cirko suna kallon kudu, kamar masu shawarar komawa. Kullum gari ya waye sai ta ce, "Sun ɗora?" In ce, "Tukuna, Iya." Na so in yi mata ƙarya, amma matar da ke karanta tsuntsu daga nesa, fuskata ba za ta gagare ta ba.

Ranar ƙarshe da hantsi ta ce in ɗaura mata zanen saƙin nan. Na tallafe ta a ƙirjina a bakin ƙofa. Ta yi musu gaisuwarta da muryar da ni kaɗai nake ji, ta karkata kai, ta yi shirun da ya fi na kowace shekara tsawo. Sannan ta yi murmushi ta ce, "Sun ce matar nan tana nan a gindin dutse." Ta sa aka kira ɗanta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai, in sun wuce, ka sare. Yara su ci shinkafa. Na yafe maka duniya da lahira." Ya riƙe ƙafarta da hannu biyu, kansa a ƙasa. Kafin azahar ta cika.

A ƙauyenmu da karan dawa ake ɗaure makara. Da aka dawo daga kushewa sai aka jingine tata a gindin maɗacin, nan ta zauna, nan kuma maza suka shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Ranar sadakar uku masassaƙi ya dawo, ya tarar da rasuwa, ya zauna cikin masu gaisuwa. Kowa ya san in an shafa fatiha an watse, gatari zai fito daga zaure, don ƙirarena suna nan a baje ba wanda ya taɓa, kuma mai hanawa ta yafe da bakinta.

Ina rabon gumba a tsakar gida, gwaggo tana gefe tana gyara mini yadda ake yi, sai na ji hayaniyar maza ta ɗauke. Na leƙa ta kafar danga. Mai sakakken fiffiken nan ce ta sauko. Tana tafiya tsakanin tabarmi a hankali, tana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko kula da mutane ba. Ta tsallake ƙirarena duka. Ta je gaban makarar Iya ta tsaya, ta sa baki ta kama wani sillen kara da ya fito daga ɗaurin, ta ja, ta sake ja, ya zare. Ta yi tsalle da ƙyar, fiffiken yana karkata, ta hau da shi. Duk matan da ke tsakar gida sun ga lokacin da ta saƙala shi a tsakanin rassa biyu, daidai saman ƙofar ɗakin Iya. Sai ta biyu ta sauko.

Maigida ya miƙe daga kan tabarma. Ya cire hularsa, ya ɗaga kai sama, wuyansa kamar bai saba ba. Har cikin gida an ji muryarsa.

"Kawu, sannunku da zuwa. Ya hanya?" Sannan ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?"

Cikin mazan nan akwai waɗanda suka shekara talatin suna tsokanarsa da wannan kalma, babu wanda ya yi ko murmushi. Liman ne ya fara cewa Allah ya ba da haƙuri, sauran suka amsa. Na juya in dubi gwaggo, don ina da amsar tambayarta a bakina, sai na ga ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Na bar ta. Masassaƙi ya shiga zaure ya saɓa gatarinsa, ya yi sallama.

Damina ba ta zo ba sai a lokacinta, kamar yadda Iya ta faɗa. Baƙin suka yi 'ya'ya, kaka ta yi suka tashi, itace ya zama halal ga gatari, amma ba a sake aika wa masassaƙi ba. Har yau a kan gora maigida ke haye kogi, ya roƙi jirgin maƙwabta in an sami sarari, in ba a samu ba ya jawo shinkafa kaɗan-kaɗan a kansa. Wata shekarar mu ƙoshi, wata mu ɗaure ciki. Ina yi masa mita in bayansa ya riƙe, ya ce mini a ina kike so su sauka.

Allah ya gafarta wa Iya, ya kai haske kabarinta, ya sa iyakar wahalarta ke nan. Ya sada ta da matar nan ta gindin dutse, ta goya ta, ta gaya mata sunan garinsu.